Naman Layyar da Ban Ci Ba

Asabar, 4 ga Mayu, 1991

Na kammala tsarin mulkin ƙungiya, sashe tara a shafi huɗu, kuma da hannuna na buga shi a tafireta. Sunanta Ƙungiyar Tausayin Dabbobi ta Hausawan Landan. Mambobi zuwa yau: ni.

Bernard ne ya ba ni ƙwarin gwiwa, tsohon malamin makarantar nan da ke shugabantar taron ’yan vegan na Stratford duk Alhamis. Shekara uku ke nan ina zuwa taronsu. Mutanen kirki ne, ba sa cin nama, ba sa shan madara, ba sa sa takalmin fata. Sai dai ni kaɗai ne a cikinsu ke neman kusurwar da zan yi la’asar, kuma idan na yi barkwanci sai na bi shi da bayani.

Buƙatata ba ta da yawa. Mutum ɗaya daga cikin mutanena wanda zan ce wa bismilla, mu sa hannu a kwano ɗaya, ba a yanka komai ba. Tun rasuwar matata Falmata ni kaɗai nake ci.

Lahadi, 19 ga Mayu

Taron farko, a flat ɗina na Woolwich. Na rubuta ƙarfe biyu a takardar gayyata. Mutum na farko ya buga ƙofa ƙarfe uku da minti arba’in.

Mutum bakwai suka zo. Bukar ɗan jarida da abokan aikinsa biyu. Wahabu, mutumin zangon Kumasi mai tuƙin motar haya ta minicab, da matarsa Amamata. Sai wasu biyu da ba na jin sun san dalilin zuwansu. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi ƙosai, na yi dambun zogale da ƙuli-ƙuli. Kwana biyu na yi ina shiri.

Na karanta jawabina. Na gaya musu shekara ashirin da biyu na yi ina likitan dabbobi, rabinsu a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Ana loda shanu a taragu zuwa Ikko, kwana uku ba ruwa, ni kuma in sa hannu a takarda cewa lafiyarsu ƙalau. Na ce ban taɓa cewa yanka haramun ne ba, Allah Ya tsare. Na ce ni dai na ci rabona har na ci na wasu.

Ina cikin wannan Wahabu yana ta juya cokali a cikin miya kamar mai neman zoben da ya faɗa. Da na kai aya ya ce, “Baba Dokta, miya ya yi daɗi, amma nama ya yi tafiya ne?” Aka yi dariya. Miya mace ce, amma na ƙyale shi.

Ba wanda ya sa hannu a takardar mambobi. Bukar ya ce, “Ranka ya daɗe, za mu yi discussing, mu dawo maka.” Na san wannan maganar. Ni ma na sha faɗa wa mutane ita a ofis.

Litinin, 20 ga Mayu

An bar min kwafi shida na tsarin mulki a kan kujera. An naɗe ragowar ƙosai a na bakwai an tafi da shi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Bernard ya tambaye ni yadda taron ya kasance. Na ce an saurara da kyau. Ba ƙarya na yi ba, amma ban ji daɗin kaina ba har na sauka daga bas.

Lahadi, 23 ga Yuni

Babbar Sallah. Na je Idi, na dawo, na rufe ƙofa.

Bayan la’asar aka fara bugawa. Amamata ce farko, da cinya guda a leda. Na buɗe baki zan yi bayani, ta riga ni. “Baba, kar ka ce komai. Mu duka mun gani ranan nan. Fansho ba ya isa a ƙasan nan, ba abin kunya ba ne.” Ta ɗora min ledar a hannu ta sauka da sauri don kada in yi godiya.

A tsaye a bakin ƙofa na fahimci abin da ya faru. Dattijo ya tara mutane, ya ba su tuwo ba ko tsoka ɗaya, ya yi dogon jawabi a kan shanu. A wurinsu fassarar ɗaya ce: talauci ya kama shi, yana rufa wa kansa asiri da boko. Ashe sun yi discussing ɗin. Sun yanke shawarar su rufa min asirin tare.

Kafin magariba leda goma sha ɗaya. Har da mutanen Old Kent Road da ban taɓa gani ba.

Talata, 25 ga Yuni

Na yi nazarin al’amarin kamar yadda aka koya min nazari.

Ba a mayar da naman layya. Wanda ya mayar ya ce wa mai shi ba na son ladanka, ba na son zumuncinka. Ba zan zubar ba, domin dabbobin nan sun riga sun mutu, kuma jefa su a shara wulaƙanci ne na biyu. Ba zan ci ba. Idan na bai wa wani Bahaushe, kafin Juma’a labari ya koma ga mai shi. Idan na bai wa maƙwabtana Turawa, na zama mai rabon nama a unguwa, ni da nake raba takardun hana ci.

Na rubuta sunan kowa a jikin ledarsa, na jera su a firizar da Falmata ta saya. Zan yanke shawara idan hankalina ya kwanta.

Cinyar da Amamata ta kawo akwai taruwar jini a jikinta. An doki ragon nan ko an ja shi a ƙasa kafin a yanka. Ido na aiki ba ya ritaya.

Laraba, 31 ga Yuli

Na yi mafarkin fura da nono. Shekara goma sha ɗaya rabona da nono.

Asabar, 14 ga Satumba

Gobe ƙungiyar Stratford za ta kafa rumfar abinci a wani biki. Firijin Bernard ya cika, ya roƙi in ajiye musu tire biyu na abincin wake. Na ce to. Wallahi na manta da ledojin naman. Wata uku ina buɗe firizar nan ina ɗaukar alayyafo daga sama ba na duban ƙasa, har idona ya daina gani.

Ina kicin ina dafa masa shayi na ji shiru. Da na leƙo yana tsaye gaban firiza da haƙarƙarin ragon Bukar a hannu, yana karanta sunan da na rubuta.

Na yi masa bayani, dalla-dalla, cikin Turancin da ya fi nasa bin ƙa’ida. Ya saurara har ƙarshe, domin mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce, “Amma Mista Mainasara, me ya hana ka ce a’a, na gode?”

Na ce ba a cewa haka.

Ya ce, “Kowa yana iya cewa haka.”

Ya tafi da tirensa biyu. Shayinsa ya huce a kan tebur.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ba wanda ya kore ni. Da ma sun yi hakan. An yi min murmushi, an ba ni kujera. Amma an cire sunana daga jerin masu kawo abinci, kuma wata baiwar Allah da ta saba cewa ba ta taɓa cin abin da ya kai ƙosaina ba ta zo da nata abincin a roba.

A ƙarshen taro suka tattauna shirin zanga-zanga a ƙofar wata mayanka a Essex inda Musulmi ke yin layya. Sai baɗi, amma suna son takarda da harsunan mutanen. Bernard ya dube ni ya ce wannan dama ce a gare ni in nuna inda na tsaya. Na karanta takardar. A sakin layi na biyu an kira mutanena marasa imani da tausayi. Na gyara waƙafi biyu, na mayar masa, na ce ba zan fassara ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ban je Stratford ba. Gwiwa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ban je ba. Gwiwar ta warke tun tuni.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 1992

Mahaifiyar Wahabu ta rasu a Kumasi, yau sadakar arba’in. Jiya na kwashe ledojin duka na kai wa Amamata a cikin akwatin tafiya. Na ce a dafa wa mutane, ladan ya kai wa marigayiya.

Ta ɗaga cinyar, ta ga sunanta da rubutuna. Ta dube ni.

“Baba, ashe da gaske ne ba ka ci?”

Na ce tun watan Mayu nake faɗa.

“To, ciwo ne? Hawan jini?”

Na ce a’a.

“Wani malami ya hana ka?”

Na ce a’a, tausayi ne kawai.

Ta ce, “Allah Ya ba ka lafiya, Baba,” da murya irin wadda ake yi wa wanda ba a sa ran zai tashi.

A wurin sadaka an zuba min shinkafa da wake daban, a faranti, a kan ƙaramin tebur kusa da taga. Sauran maza suka kewaye manyan tire a ƙasa. An kyautata min ƙwarai. Na ci ina kallon motocin da ke wucewa.

Talata, 7 ga Afrilu

Na haɗu da Bernard a tashar Stratford. Mun yi maganar ruwan sama.

Lahadi, 31 ga Mayu

Wahabu ya zo, ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa. Sun yi booking ɗin raguna goma sha huɗu a mayankar Essex. Bara, in ji shi, an yi ta dukan dabbobi ana jan su da ƙafa, wanda aka ba yanka kuma wuƙarsa ba ta ci, sai da ya yi ta gogawa. Amamata ta ƙi cin nasu na kwana biyu. Ban san wannan ba.

“Baba Dokta, kai ne ka san aikin nan. Ka zo ka tsaya kawai. In kana wurin, Turawan za su ji kunya, mu ma za mu ji.”

Na ce masa ya san abin da yake roƙona kuwa? Na rantse tun a Nguru ba zan sake shiga mayanka ba.

Ya ce, “Ko ka zo ko ba ka zo ba, Baba, za a yanka.”

Na ce ya tashi ya tafi. Ban raka shi ko bakin ƙofa ba, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba.

Laraba, 10 ga Yuni

Na fito da dutsen washina daga ƙasan akwati. Don in ga ko yana nan ne kawai.

Juma’a, 12 ga Yuni

Jiya Sallah. Zan rubuta abin da ya faru bi da bi.

Bayan Idi na shiga motar Wahabu. Ya rage rediyo, muka kama hanyar Essex.

A ƙofar mayanka akwai mutum kamar ashirin da kwalaye masu rubutu. Na san fuskar goma sha biyu. Bernard yana gaba da rigar ruwansa. Motar ta tsaya jiran a buɗe ƙofa, tagata daidai inda yake. Na yi niyyar sunkuyar da kai, sai na ga bai dace da shekaruna ba. Na dube shi. Ya sauke kwalinsa kaɗan, ya sake ɗagawa.

A ciki na nemi manaja, na gaya masa ko ni wane ne. Na sa aka ba ragunan ruwa. Na hana a ja kowanne da ƙafa ko da ƙaho. Na sa aka rataya tamfol tsakanin wurin jira da wurin yanka, don kada wani ya ga ɗan’uwansa. Na karɓi wuƙar mai yanka, na gwada ta a farce, na ce masa da wannan ko albasa ba zan yanka ba. Na wasa ta da kaina a bayan gini, inda dabbobin ba za su gani ba. Duk wannan an koya mana tun muna yara, kafin a san da wani Bernard a duniya. Bukar yana ta cewa, “Haka ne, ranka ya daɗe,” kamar shi ya tuna.

Na ɗauka zan tsaya daga nesa. Amma ragon farko ya firgita, na ga ba wanda ya iya riƙo. Na durƙusa, na rufe masa ido da tafin hannuna, ina yi masa magana a kunne yadda Fulanin Nguru suke yi. Ya lafa. Haka na yi wa goma sha huɗun.

Duk sun mutu. Ban ceci ko ɗaya ba. Ƙungiyata har yau mutum ɗaya ce, kuma ba na jin zan sake ganin ɗakin taron Stratford.

Da muka fito masu kwalaye sun watse. A gidan Wahabu, Amamata ta kawo tuwo da miyar kuɓewa, ta ce a tukunya daban ta yi, ba nama, ba kifi. Za ta kai min tebur, Wahabu ya ce ta ajiye a ƙasa. Ya wanke hannu ya zauna gabana.

“Yau kaɗai fa, Baba. Gobe zan ci hanta.”

Gishiri ya yi yawa a miyar. Ban faɗa ba.

Manajan ya ce suna yi wa wasu Musulmi yanka duk Talata, ko zan riƙa leƙowa. Na ce masa ni ba ma’aikacinsa ba ne. Na dai duba, jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai da kwata yana isa kan lokaci.