Takardar Yaya Bara'atu a Shafi na Casa'in

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ban gaya wa kowa ba, ko Umma. Na ɓoye takardar aikin Yaya Bara'atu. Anti Dokas maƙwabciyarmu ce ta taho da ita daga ofishinsu na Abuja, don adireshin can Yaya ta bayar, kada Baba ya riga ta gani. Aka ba ni in miƙa mata, na buɗe. Wani asibiti a Fatakwal ya ɗauke ta aikin jinya, ta ba da amsa kafin 18 ga wata. Takardar tana cikin littafin soyayyar da nake karantawa, shafi na casa'in.

Laraba, 9 ga Yuli

Lokacin da Yaya Kamaluddeen zai tafi Fatakwal, abokinsa kawai ya kira ya ce akwai aikin walda. Washegari ya ɗau jaka. Baba ya ce Allah ya tsare, shi ke nan. Ita kuwa bara ta samu aiki a Legas, Baba ya ce, "A gidan wa za ki sauka?" Magana ta mutu. Tun daga nan garin da muke da wani kaɗai take nema. Fatakwal ma ba sonta take ba, ta tsani ruwan sama. Ta taɓa ce min, "Maza ke zaɓen gari, Sa'ida. Mu ɗan'uwa muke bi."

Alhamis, 10 ga Yuli

In ta tafi, wa zai riƙa amsa min magana in baƙi sun zo, ni da kunya ke hana ni buɗe baki?

Asabar, 12 ga Yuli

Anti Dokas ta tare ni a bakin famfo. "Sa'ida, yayarki ta ga saƙo?" Na gyaɗa kai. Da na shiga ɗaki na tarar Yaya ta goge farar rigarta ta jinya tana turawa ƙasan akwati. Wai masu asibitin sun manta da ita, za ta koma tsaron kantin magani a unguwar Chaza. Har dariya ta yi. Gara da kuka ta yi.

Lahadi, 13 ga Yuli

Kwana shida ban wuce shafi na casa'in ba. Saura kwana biyar. Bakin ambulan ya yage, Yaya za ta gane na karanta. Ta gane ɗin. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Baba bai dawo ba. Bari in saka hijabina in kai mata.