Karan da Bai Tsone Mata Ido Ba

Asabar, 2 ga Afrilu, 1977

Yau yarinyar nan ta karɓo lasin tuƙi. Da ido ɗaya! Tun daga bakin titi take danna hon a 'yar motar da ubanta ya saya mata, Lawan direba yana gefenta ya dafe hula yana ta salati. Ina baranda ina tsintar shinkafa, ko ɗagowa ban yi ba. Na ce, "Sai a yi hankali da furannin mutane." A cikina kuwa kamar in rangaɗa guɗa a ji ni a Giginyu.

'Yar fari ce, ba a yi. Shekara goma sha tara ban taɓa faɗin sunanta ba, ko a wannan littafin da ba mai gani. Uwata har ta koma ga Allah ba ta faɗi na yayana ba, ni wace ce? Bokon da na yi bai kai nan ba.

Talata, 5 ga Afrilu

Wasiƙa daga Ingila. Wata huɗu ta yi tana bin mu, Zariya, Kaduna, sai yau ta gano mu a Kano. Daga asibitin da aka yi mata aiki ne a 1960, lokacin Alhaji yana kwas a can. Tana 'yar shekara biyu idonta na hagu ya riƙa ƙyalli kamar na kyanwa. Ciwon daji. Suka cire idon, suka sa na gilas, suka yi sati biyar suna yi mata gashi da na'ura.

Yanzu wai suna neman yaran da aka yi wa gashin nan a ka. Sun lura wasu, ba duka ba, bayan shekaru ƙari yana fito musu a cikin kai. In an ga ciwon kai da safe, ko amai, ko sanyin hannu ko ƙafa, a hanzarta.

Na karanta sau uku, na ninke, na sa a ƙasan babban kumbona na jere, na rufe. Abin da ta sani shi ne kara ya tsone mata ido a gidan kakanta. Surukata ce ta tsara haka, ta ce in aka ji daji ne har ƙannenta sai an guje su. Ni kuma na riƙe ƙaryar har na fi mai ita iyawa. Alhaji yana Ikko wajen taro, yanzu kowa sai Ikko. Ba zan tayar masa da hankali ba. Lafiyarta lau, ai ga ta nan tana ta da ƙura a layi.

Alhamis, 14 ga Afrilu

Ta ce kanta na ciwo. Bazara ce, kan kowa na ciwo.

Laraba, 20 ga Afrilu

Ta ɗaya a ajinsu na share fagen shiga jami'a! Lauya take so ta zama, kuma wallahi bakin yana nan, ko ni ba na ja da ita. Na sa an yi dambun kaza, na ce don baƙi ne. Wane baƙi?

Da safe na ji tana amai a banɗaki. Ban je ɗakin jere ba yau.

Litinin, 25 ga Afrilu

Ta daki ƙofar gida da mota. Ba ta ji rauni ba, sai ƙarfen ya lanƙwashe. Ta ce ta taka birki, ƙafarta ta dama ce ta ƙi jin magana.

Na kai ta wajen likita. Mutumin kirki, ya dudduba, ya tambayi me ya sami idon. Ta ce, "Kara ne ya tsone ni ina ƙarama." Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na dubi jakata. Ya rubuta maganin zazzaɓi, ya ce a dawo in bai sauka ba. Me zai rubuta in ba shi ba? Abin da aka ba shi ya auna.

Na tsani kaina yau. Na rubuta don in gani da idona.

Talata, 26 ga Afrilu

Sista Clara ta gidan da ke kallon namu ta shigo ganin ƙofa. 'Yar Wusasa ce, shekara ashirin tana aikin jinya, ba a yi mata kwana-kwana. Ta ambaci sunan yarinyar, ta ce ta lura tana jan ƙafa. Ban san lokacin da na buɗe kumbon ba.

Ta karanta a tsaye. Ta ce, "Hajiya, ke da kike koya wa 'ya'yan mutane karatu, kin karanta wannan kika rufe da murfin kwano? Sati uku?" Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni. Ta ce, "Ba ke ya dama ba, ita ya dama. Ko ki faɗa mata gobe ko ni in faɗa."

Na yi fushi sosai, ko raka ta ban yi ba. Gaskiya ɗaci gare ta, balle daga bakin maƙwabciya.

Laraba, 27 ga Afrilu

Na faɗa.

Bayan karin safe na ce, "Ke, zo." Na miƙa mata takardar, na faɗi sauran da bakina, har da kyanwar, har da kakarta. Sai ta ce, "Umma, kin san har yau ba na bi ta jikin danga? Shekara goma sha bakwai ina tsoron kara, ashe kara bai yi mini komai ba." Na ce don ke aka yi. Ta ce, "Kaina ne, Umma. A kaina abin yake."

Na zaci za ta yi kuka, ina! Ta tashi tana jan ƙafa ta je wajen tarho, ta sa aka haɗa ta da Ikko, ta karanta wa ubanta wasiƙar tiryan-tiryan kamar a gaban alƙali. Ni ce na yi kukan, a madafa, na ce albasa ce.

Juma'a, 6 ga Mayu, Landan

Suna da sabuwar na'ura mai ɗaukar hoton cikin kai, ba a yanka ba. Ga shi nan kuwa, ƙari kamar lemon tsami, a gefen hagu, daidai inda aka yi gashin. Likitan ya ce a jikin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake, bai kutsa ciki ba, irin wanda ake cirewa ne. Ya ce gara da muka zo yanzu. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Na san lissafin sati ukuna.

Alhaji bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ni ma ai na yi shirun." Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Talata, 10 ga Mayu

Sun aske mata kai ƙwal. Ta shafa ta ce yanzu ta huta da zafin kitso. Gobe da safe.

Laraba, 11 ga Mayu

Awa shida. An cire shi duka, alhamdu lillahi! Amma ta ƙi farkawa. La'asar ta yi, Alhaji ya fita neman inda zai yi salla, saura ni da wata ma'aikaciyar jinya. Ta ce in kira yarinyar, muryar uwa tana shiga inda tasu ba ta shiga. Na sunkuya na ce, "Ke. Ke!" Shiru. Baturiyar ta ce, "Da sunanta, madam." Na ce a wajenmu ba a yi. Ta dube ni kamar na ce mata a wajenmu ba a shan ruwa.

Na dubi kan nan da aka naɗe da bandeji. Na tuna na yi shiru gaban likitan Kano, saura kaɗan shirun ya ci mini 'ya. Na ce a raina, Inna ki gafarce ni. Na kira. Sau biyu, na biyun da ƙarfi har wata ta leƙo.

Idon ya motsa. Ya buɗe. Ta yi ta kallona, sannan da wata 'yar murya ta ce, "Umma, ashe kin san shi?"

Ja'ira! Ta tashi daga bakin kabari da tsiya a baki. Aka ce ta motsa ƙafar dama, ta motsa, har da yatsu. Na yi guɗa a asibitin Turawa, wallahi na yi, suka rugo sun zaci wani abu ne. Na faɗa dai, ta wuce. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 4 ga Yuni, gida

Mun sauka ana yayyafi. Lawan ya miƙe ƙofar har ya yi mata fenti. Gida ya cika da 'yan sannu, tun daga Kawaji har Kaura Goje. Sista Clara ta kawo kazar da ta soya da hannunta, na riƙe hannun gam. Ta ce, "To, kumbo dai a bar wa cincin."

Wata daga dangin Alhaji ta fara, wai an ce iska ce ta buge ta. Na ajiye farantin da ke hannuna na ce, "Ba iska ba ce, ba kuma kara ba ne. Ciwon daji ta yi tana goye, aka yi mata gashi ta warke, gashin ya bar mata ƙari a ka, an cire. Sau biyu ke nan tana kayar da shi. Duk mai ɗan da aka taɓa yi wa irin wannan gashi ya kai a duba." Ba wanda ya gudu, shinkafar ma ƙari suka nema.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Jiya wata shidan da likita ya hana tuƙi suka cika. An ce duk shekara sai an koma an ɗauki hoton kan, har iya rayuwa, don yana iya sake fitowa. Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba. Amma yanzu takardun suna jakarta, ita ke riƙe da ranakun, kuma duk likitan da ya tambaya za a faɗa masa gaskiya.

Gashi ya fito har an kama 'yan kalba. Da hantsi Luba ta fito da mota ta ce in shiga ta kai ni kasuwa. Na ce ni ban gaji da duniya ba, amma na shiga. A bakin ƙofa ta taka birki, mota ta tsaya cak.

Na ga abin da hannuna ya rubuta a sama. Biro ne, ba ya goguwa. A bar shi.