Murhun gidan Nanret

Litinin, 2 ga Disamba, 2024
Mako na biyu a Woodbridge, can ƙasar Turawa, wajen jegon 'yata Nanret. Akwai murhun itace a falonsu, baƙin ƙarfe mai ƙofar gilashi. Da mijinta Longji ya hura shi yau, ƙamshin ya kai ni Pankshin, ɗakin girkin Mama, muna gasa dankali a toka. Na juya baya kada su ga idona.

Laraba, 4 ga Disamba
Longji ya nuna min agogon zafi da ke jikin bututun hayaƙi. Wai, "Mama, kada allurar nan ta shiga ja. In ta matso, ki tura wannan hannun, iska ta ragu." Na ce to. Ni da na haifi biyar a gaban wuta.

Asabar, 7 ga Disamba
Mai jego ba ruwan zafi, ba kunun kanwa, sai yawo da 'yar riga. Lokacin da na haife ta, Mama ta gasa ni har fatata ta yi ja. Longji yana fita na ƙara itace.

Talata, 10 ga Disamba
Yau na sha kunya. Longji ya tafi aiki, Nanret na wanka. Na cika murhun da busasshen itace, na buɗe iska duka, na kwantar da jaririya Tracy kusa. Sai ƙarfen ya fara ƙas-ƙas, bututun ya yi ja, ga warin fenti. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Nanret ta fito da kumfa a ka, ta fizge yarinyar. Wuyanta sharkaf da gumi.
"Mama, kina so ki kashe min ita?"
Nas ce, ta faɗi sauran da Turanci. Na ji duka. Ita ta tura hannun, ni ina tsaye kamar itace.

Laraba, 11 ga Disamba
Ban sauko ba. Na ce ciwon kai.

Lahadi, 15 ga Disamba
Bayan coci na ce wa Longji ya canja min tikiti, in koma gida. Ya ce in fara koya masa kunun gyaɗa tukuna. Wayo.
Nanret ta shigo da yamma, ta kwanta a cinyata kamar tana 'yar firamare. Ta ce tsoro ne ya kama ta. Na ce ni ma. Ta tambaye ni yadda Mama take yin ruwan wankan, wane ganye. Ban san tana son ji ba.

Talata, 7 ga Janairu, 2025
Ƙanƙara ta rufe ko'ina. Itace guda biyu manya nake sawa yanzu, ba ƙanana da yawa ba. In sun kama, in rage iska rabi. Wutar ba ta rawa irin ta gida, amma tana kai yamma.

Juma'a, 24 ga Janairu
Yayata Pauline ta bugo daga Jos. "Martha, kin dai gasa mai jegon sosai ko?" Na ce sosai, Yaya. Ina maganar ina buɗe taga kaɗan, don na taɓa ƙeyar Tracy na ji ɗumi.
Ta tambayi yaushe zan dawo. Na ce sai itacen nan ya ƙare. Ban gaya mata jiya aka kawo wata motar itacen ba.