Sanduna Talatin a Saman Ƙofar Kaka Delu

Ƙofar Marusa, Katsina
21 ga Rajab, 1400

Daga Babban Sufeton Zane-zanen Kayan Kanti na Gwamnatin Farar Hula, zuwa ga Malam Yari, ɗalibi a ƙasar Amurka. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina karatu, yaya kewar fura? Muna fata kana lafiya kamar yadda muka tarar da mutanen gidanku, ban da mutum ɗaya. Kada ka yi mamakin ganin takardar gwamnati da ajami, tafiretarmu tana wurin gyara.

Bayan haka, rahoto ya iso ofishinmu game da kwalin shayin da ka aiko wa kakarku Delu. A gefensa akwai wasu baƙaƙen sanduna, sirara da masu kauri, a tsaitsaye kamar sahun salla, da lambobin boko a ƙasa. Kai da kanka ka rubuto cewa shekara shida ke nan da fara su a can, a kan ƙunshin cingam, wai wata na'ura mai jan haske ke leƙa su, ta faɗi sunan kaya da kuɗinsa ba wanda ya buɗe baki.

To, ƙanenka Lado, ja'irin nan da ya taɓa sa wa ladan kwaɗo a buta, ya ƙidaya sandunan ya samu talatin cif. Ka san wasansa da Kaka, ita da ke kiransa mijinta marar cefane. Sai ya ce mata hatimin Nasara ne, sabuwar gwamnati za ta yi wa kowa nasa, kowace sanda kwana ɗaya ce cikin abin da ya rage wa mutum a duniya. Ya kifa turmi ya hau, ya kwafe su da tawada da alƙalamin kara a saman ƙofar ɗakinta. Ta yi dariya, ta jefe shi da mafici.

Washegari da hantsi ya ƙidaya. Ashirin da tara.

Ya ɗauka ramuwa ce. Amma ka san hannun Kaka ba ya wuce kafaɗa tun faɗuwar da ta yi bara. Kuma ba alamar gogewa, gurbin sandar fes, kamar alƙalami bai taɓa bi ta nan ba. Ya barbaɗa toka a bakin ƙofa, da safe ba sawun kowa sai na ƙadangare, an kuma rage ɗaya. Ya sake zanawa, tawada ta ƙi kama bango, tawadar da ya dafa da hannunsa. Ya shafe wurin da farar ƙasa, kafin azahar suka ɓullo, daidai adadinsu.

Kwana goma sha takwas yana bin tsohuwa da ido. In ta yi tari gabansa ya faɗi. Ita ko tuwonta take ci har da ƙari. Da abin ya ishe shi, ya ɗauko malaminsu na allo, Malam Almu. Malam bai ko kula sandunan ba, ƙasansu ya tsura wa ido. Ashe da yaron ya zo kan lambobin boko bai iya su ba, sai ya cike gurbin yadda ake cike laya, da sunan mutum da na mahaifiyarsa. Sunan mahaifiyar Kaka kuwa wa ya sani? Ya rubuta sunaye biyun da hannunsa ya saba da su. Malam ya karanta, ya juyo ya dube ni, ya ce a yawaita sadaka. Ya sa takalmansa ya fita, ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba.

Tun ranar abinci ba ya yi mani ɗanɗano. Shekaranjiya Inna ta raba tuwo ta tsallake kwanona, ina zaune gabanta. Jiya na yi sallama a zaure har sau uku, Baba da baƙinsa suka ci gaba da hirarsu.

Yaya Yari, don Allah don Annabi, na zana maka su a bayan takardar nan. Ka kai kantin da ka sayi shayin, ka sa a ƙarƙashin jan hasken, ka ji sunan da na'urar za ta kira. Ka tambayi masu ita, in sanduna suka ƙare, akwai yadda ake ƙarawa?

Babu wani sufeto, Yaya. Na san in ka ga sunana a sama za ka yi dariya ka ajiye takardar, kamar lokacin da na rubuto maka cewa akuyarka ta haifi bakwai. Ka yafe mani wancan, da duk sauran.

An ce takarda tana kwana goma kafin ta iso ku. Yau da safe tara na ƙidaya.

Kaka na gaishe ka, ta ce shayin ya yi daɗi. Ka huta lafiya.

Ni ne ƙanenka, wanda sunansa ke ƙasan zanen,
Lado ɗan Mairo