Sawun Yatsu Uku a Saman Bene

Daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Jiya na gama shafe fuskar benen Madugu Illo da makuba. Babu gini mai tsawonsa a ƙasar nan. Makiyayan Azagor har tsayar da raƙuma suke yi su ɗaga kai, ga shi baƙi-baƙi yana sheƙi a tsakiyar bukkoki. Can sama gindin zanko ni kaɗai na hau, da tafin hannuna na shafe shi.

Yau da hantsi Madugu ya kira ni, ya ce, "Magini, wa ka ɗauko ya taya ka? Shafar saman nan ta fi ta ƙasa kyau."

Na sa tsani na hau. Hannun magini layi huɗu yake bari a jikin yaɓe. Wannan uku ne, daga kusurwa har kusurwa.

Baba ne raƙumi ya guntule wa yatsa tun yana saurayi. Da kaka muka binne shi.

Na sauko, na ce wa Madugu rana ce ta busar da shi haka. Amma har da haushi a raina. Duk zaman Baba a duniya bai taɓa barin yaɓena yadda na yi shi ba, sai ya bi baya ya gyara.

Gobe saura bangon gabas. Ban sani ba, in wahalar da kaina, ko in bar masa.