Ni Ce Na Taso Ki Daga Gadon Asibiti, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau wata bakwai da rasuwarki, kuma akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa.

Shekara guda kika yi kina lallaɓa haƙorin nan na ƙasa da kanumfari. In mun yi magana sai ki ce, "Haƙori ne fa, ba zuciya ba." Kwanana biyu da haihuwa, ina kwance a ɗakinki a Dilimi, muƙamuƙinki ya kumbura har wuya, ko cokali ba ya shiga bakinki. Yaya Sani ya kai ki asibiti aka ba ki gado.

Suka sa miki maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wata allura da suke kira sitiroyid. Washegari kumburin ya sauka, kika sha kunu har kina tsokanar masu jinya. Likita ta gaya wa Yaya cewa kumburi kawai allurar take saukarwa don ki samu numfashi. Mugunyar tana nan ciki, sai an cire haƙorin an tsaga an fitar da ita ranar Alhamis.

Yaya ya faɗa mini haka, Inna, na ji da kunnena. Duk da haka na kira ki a waya ina kuka, wai Goggo Ladi da ta karɓe ki ba ta iya wankan jego ba, ruwanta ba zafi, ga sanyin Jos, ga haihuwar fari. Shagwaɓa ce kawai. Hannunki nake so.

Kika dangwala yatsa a takardarsu ta cewa ke kika sallami kanki, kika taho. Kwana biyu kina hura wuta, kina fyaɗa mini ruwa da ganyen darbejiya, kin naɗe haɓa da mayafi don kada in ga kumburin ya dawo. Ana gobe suna muryarki ta shaƙe. A cikin keke napep kika cika a hanyar komawa asibiti, ko kasuwar Terminus ba ku kai ba.

Har yau Yaya yana cewa taurin kanki ne ya fito da ke, ni kuma ban taɓa faɗa masa gaskiya ba. Na bari ana ɗora miki laifina kina kabari. Yau da na fitar da wasiƙar nan fili zai karanta ta tare da kowa, ban san ko zai sake duban fuskata ba.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara, Ya sanyaya zuciyar Yaya a kaina.

Autarki mai kewarki,
Hadiza