Na Tsufar da Ɗaki da Hayaƙi, Taubashina Ya Gaje Ni Ina Raye

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. A rufe sunana da na garinmu, ya isa ku san muna yankin Gidan Rumji. Ku yi haƙuri da rubutun, makarantar lakol ta taga na leƙe ta, ɗan bokon nan a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi ina da furfura. Abu guda nake roƙo, ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina. Na san za ku zaga, matata ma ta riga ku.

Garinmu ya daɗe yana cin gonaki. Inda muka yi noman gero muna samari yanzu katangu ne da rumfar cajin waya. Bana sai meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta tara mu ƙofar mai gari aka ce daga burtalin shanu zuwa yamma ba a ƙara gina gida, gona ta zauna gona. Amma wanda aka riga aka iske zaune can ba za a tashe shi ba, kwamiti zai zo ya duba. Na ɗaga hannu tare da kowa, har na ƙara da cewa jikokinmu ba siminti za su ci ba, taro ya yi dariya. To gonar da na gada wajen babanmu tana bayan burtalin nan, kuma a kanta na yi wa babban ɗana alkawarin fili. Yana Agadas yana aikin gini, bayan girbi zai dawo gaba ɗaya da matarshi da ƴaƴanshi. Gidana kuwa in ka yi atishawa a zaure daga kowane ɗaki za a amsa maka. Ina zan sa su?

Nan shaiɗan ya zo, kuma bai sha wahala da ni ba, mun saba. Na nemi taubashina, ɗan kawuna, bari in kira shi Tanko. Tare aka yi mana kaciya, tare muka sha bulala kan satar gujiya. Matarshi ta rasu, yana raɓe gidan ƙanenshi, yau yana kasuwar Cadakori gobe yana Gidan Sori wajen dillancin awaki, ba mai iya rantsuwa kan inda yake kwana. Na ce, "Kai bawana, taso mu je mu tsufar da ɗaki." Ya ce, "Tsohon banza, kai da ka tsufa da kanka me ka samu?" Amma ya biyo ni.

Muka kafa ɗakin kara a tsakiyar gona, lokacin gero ya yi tsawo ya rufe mu. Na kunna jiƙaƙƙen ƙaiƙayi a ciki muka ja ƙofa, Tanko na kula da wutar yana tari yana tsine mini, har jinka ta yi baƙi kamar an yi shekaru ana girki. Na kwashe tokar murhun matata a buhu, na ce mata wake zan adana. Muka watsa kashin awaki, muka ajiye fasasshiyar randa da takalmin roba ƙafa ɗaya, muka kafa turken jaki. Na sa shi ya yi ta kai da komo daga ƙofa zuwa gindin gawo har hanya ta fito a ƙasa. Da muka gama ni kaina na ji kamar a nan aka yanke mini cibiya. Ni ba zan iya cewa ni ke zaune ba, kowa ya san gidana jikin masallaci yake. Sai muka yi a kan Tanko zai ce nashi ne, in magana ta lafa ya bar wa ɗana. Ba mu sa kowa a tsakani ba. Wa za ka kira ya tsaya maka shaida a kan ƙarya?

Ranar da kwamiti suka zo tare da mai gari, babbansu ya shafa jinka ya dubi yatsanshi, ya tambaya wa zai shaida. Ban bari ya rufe baki ba. Na ce gonata ce, ni na ba ɗan'uwana wannan gefen tun rasuwar matarshi, kyauta, don Allah. Wannan kyautar ba ta cikin shirinmu, bakina ne ya ga taro ya ji daɗi. Mai gari ya ce Allah ya saka mini da alheri, irina sun yi ƙaranci. Na sunkuyar da kai kamar waliyyi.

Bayan an yanke gero sai na hangi ana buga bulo a wurin. Raina ya yi fari, na ce kai, Tanko akwai zumunci. Na iske shi a tabarma da butarshi, ga tukunya bisa murhu. Na ce, "Sannu da aiki, yaron zai ji daɗi." Ya ce, "Wane yaro?" Na yi dariya, a zatona wasanmu ne na taubasai. Bai yi ba. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce ka ba ni, gaban mai gari. Ko ƙarya ka yi mishi?" Na ce, "Tanko, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Ina ji. Tun da ta rasu zauren ƙanena nake kwana, yara na tsallake ƙafafuna da safe. Ka taɓa cewa Tanko ga ɗaki? Sai da ka nemi wanda zai shaƙi hayaƙi ka tuna da ni." Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Amma jama'a, don ban ba shi ɗaki ba sai ya karɓe na ɗana? Mutumin da ya san inda kabarin babanmu yake, ya san wa aka yi wa wannan wahalar?

In na je na faɗa wa mai gari gaskiya, za a rushe ɗakin, wurin ya koma gona, ɗana bai samu ba, Tanko ya koma zaure, ni kuma na zama tsohon da ya yi shaidar zur gaban jama'a, ko ɗaurin aure ba za a ƙara zaunar da ni gaba ba. In na yi shiru, ɗana na nan tafe. Shekaranjiya ya kira ya ce ya sayi ƙofar ƙarfe, in gaya mishi gabas za ta duba ko kudu. Na yi ta cewa ba na ji har ya kashe.

Yau da safe Tanko ya aiko mini da goro. Ranar Juma'a za a yi addu'ar shiga sabon ɗaki, kuma mai gari ya ce tun da ni na yi kyautar, ni ya kamata in buɗe da fatiha. Duka gari zai zo. In ɗaga hannuwan nan in sa wa gidan albarka, ko in buɗe baki in rushe shi a kanmu mu biyu? Don Allah ku gaya mini, me zan yi?